Jinya Ibada Ce, Kada Mu Bari Ta Zama Ƙofar Zalunci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa mazauna Zangon Agege da kewaye, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan jinya ce, ibadar da ake yi a cikin ɗaki ba mai gani, da kuma zaluncin da kan shigo ta ƙofarta idan aka yi sakaci.

A gida Arewa, idan tsoho ya kwanta, gida cike yake da mutane. Ga ƙanne, ga gwaggo, ga matan 'yan'uwa, ga maƙwabta, kowa ya kama. A nan Ikko kuwa yawancinmu ɗaki ɗaya ne, ko ciki da falo, a gidan haya mai bayi ɗaya. Mukan ɗauko Inna ko Baba daga Kano ko Sakkwato don su samu asibiti kusa da mu, niyya ce mai kyau. Amma mai gida tun asuba ya fita tarbar motar tumatir a Mile 12, ko ya nufi mayanka a Oko-Oba, cunkoso kuma ba ya barinsa dawowa sai bayan isha'i. To wa aka bar wa mara lafiya? Matarsa, da wata yarinya da aka kawo daga ƙauye da sunan riƙo.

Mu tsaya mu duba mece ce jinyar. Mai shanyewar ɓarin jiki sai an riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito masa. Sai an ɗaga shi, an wanke shi, an sauya shimfiɗa, an ba shi abinci a baki a hankali don kada ya ƙware. Mai gigin tsufa kuma zai ci abinci yanzu, an jima ya rantse ba a ba shi ba. Zai ɓoye kuɗinsa ya manta, ya ce matar gida ta sace. Mutum ɗaya ya yi wata shida a haka, ba barci, ba hutu, ba sannu, wallahi sai zuciyarsa ta ƙuntata.

Daga nan ɓarna take farawa. Mai gida ya dawo a gajiye, Inna ta kai masa ƙara, bai bincika ba ya hau matarsa da faɗa, wani har da mari. Ita kuma ba ta da inda za ta huce sai kan yarinyar riƙo: duka da wayar wuta, hana abinci, kwana a baranda. Yarinyar ma ta samu wanda ya fi ta rauni, ta mintsini tsohuwa, ko ta bar ta cikin fitsari har yamma. Kowa a gidan an cuce shi, kowa kuma ya cuci na ƙasa da shi. Mafarin abin kuwa shi ne an ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum biyar.

Sai mu fara da maza, tunda mu ne a sahun gaba. Aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta yi umarni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, ta kuma hana ko nuna musu ƙosawa, da 'ya'yansu take magana. Malamai sun bayyana cewa wajibin yana wuyan ɗa da 'ya. Abin da matarka ta yi wa mahaifiyarka alheri ne daga gare ta, ya cancanci godiya da addu'a. Aljannar da kake nema ta wajen uwarka ba a aika wakili ya ɗauko maka ita.

Kada wani ya ce jinya aikin mata ce. A shekara ta 2 bayan hijira, lokacin fita yaƙin Badar, Nana Ruƙayya 'yar Annabi (SAW) tana kwance ba lafiya. Annabi (SAW) ya umarci mijinta Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya zauna ya yi jinyarta, ya kuma ba shi kason ganima da albishir ɗin ladan wanda ya halarci yaƙin. Idan jinya ta isa ta tsayar da Usmanu daga Badar, haba ɗan'uwa, ba za ta isa ta sa ka bar wa yaronka rumfa yini ɗaya a mako ba?

Sai iyayenmu mata. Mun san nauyin da kuke ɗauka, Allah kuma Ya fi mu sani. Amma yarinyar nan amana ce. Uwarta ta ba da ita ne bisa alkawarin za a sa ta makaranta, a yi mata kayan ɗaki. Imamu Muslim ya ruwaito cewa sahabi Abu Mas'ud yana cikin dukan bawansa sai ya ji muryar Annabi (SAW) a bayansa, yana tuna masa cewa ikon Allah a kansa ya fi nasa ikon a kan yaron. Nan take ya 'yanta shi, Annabi (SAW) kuma ya sanar da shi cewa da bai yi hakan ba da wuta ta taɓa shi. Wannan fa bawa ne, ina ga 'yar mutane? Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ba a taɓa yi masa tsawa ba. Koyarwar a fili take: mai yi maka aiki ya ci irin abin da kake ci, ya sa irin abin da kake sawa, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora a kama masa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncin kuma har da ɗauri. Jihar Legas tana da dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007. Muna zaune cikin wasu ƙabilu, laifin gida ɗaya kuma sunan Bahaushe duka yake ɓatawa.

To mene ne abin yi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'yan mara lafiya su zauna su raba aiki a fili: wane da kwana, wane da kai asibiti, wanda yake nesa ya turo kuɗin magani da na ƙunzugun manya a kan lokaci, ba sai an roƙe shi ba. A ba mai jinya ranar hutu, ta yi barci, ta je gidan 'yan'uwanta. Idan tsoho ya fara ruɗewa a kai shi ga likita, a daina cewa sammu ne ko maita, kuma kada a ɗauki zarginsa a yanke wa wani hukunci da shi. A sa masa takarda mai lambar waya a aljihu saboda ranar da zai fita ya kasa gane hanya. Idan muka je dubiya kada mu tsaya a ledar lemo da addu'a, mu ce wa matar gida, "Je ki kwanta, mu za mu zauna da ita."

Maƙwabci kuma, idan kana jin kukan yarinya ta bango kullum dare, shirunka ba zaman lafiya ba ne. Annabi (SAW) ya koya mana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Ka yi magana cikin hikima. In ba a ji ba, ka zo wajen liman ko dattawan unguwa ko fadar Sarkin Hausawa. In akwai rauni a jiki, asibiti da hukuma ne, ba a rufa asiri da jinin yaro. Duk wadda ta ji jinya ta fi ƙarfinta, ta faɗa tun kafin hannunta ya kai ga abin da za ta yi nadama, faɗin haka ba rashin imani ba ne.

Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sa ciwonsu ya zama kaffara. Ka saka wa masu jinya da mafificin sakamako. Ka tsare hannayenmu da harsunanmu daga cutar da waɗanda Ka sa a ƙarƙashinmu, Ka ba mu masu jin ƙanmu ranar da ƙarfinmu ya ƙare. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.