KIFIN TEKU: HALACCINSA DA AMANAR DA KE KAN MASU SAYAR DA SHI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana tudu da ruwa, ya sanya abincinmu a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, wani bawan Allah daga Tudun Wada ya aiko da tambaya a kan kifin nan na ƙanƙara da ake sayarwa a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, da Bakin Dogo, da Kawo, da shagunan Unguwar Rimi da Badarawa. Ya ce zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, domin mushe ne, ba a san ranar da ya mutu ba, kuma waɗanda suka kamo shi galibinsu ba Musulmi ba ne. Wannan tambaya ce mai kyau, gama a yau magidanci da yawa a garin nan, idan nama ya fi ƙarfin aljihunsa, wannan kifi ne yake rufa masa asiri a tukunyar miya.

Bari mu fara da sanin abin da muke ci. Mu dai kifin da muka gada shi ne na kogi da tafki, kamar tarwaɗa, da ƙarfasa, da giwan ruwa, da ragon ruwa. Shi kuwa kifin ƙanƙara daga ruwan gishiri yake, kuma daga inda ruwan yake da sanyi. Wanda ake kira taitas, mai zanen baƙi a gadon baya, ana kamo shi a arewacin tekun Atlantika, wajen gaɓar Norwe da Sikotilan da Ayalan. Shawa ma yana da yawa a waɗannan ruwaye. Kote kuwa ana samunsa da yawa a gaɓar Namibiya da ta Muritaniya, inda ruwan sanyi yake tasowa daga ƙasan teku ya kawo abincin ƙananan halittu sama, kifi ya taru a kansu. Akwai kuma busasshen kifin Norwe wanda 'yan'uwanmu Ibo suke kira okporoko. Shi wannan kowace shekara yakan baro tekun Barents cikin hunturu ya gangaro tsibiran Lofoten don ya zuba ƙwai, a kama shi a rataye a kan katako, iska mai sanyi ta busar da shi har wata uku ba tare da an sa masa gishiri ba.

To, jama'a, ku dubi ikon Allah. A cikin Suratu Faɗir, aya ta 12, Ubangiji ya nuna mana cewa ruwaye biyu ba ɗaya suke ba, ɗaya mai daɗin sha ne, ɗayan kuwa mai zartsi ne, amma duk da haka daga kowannensu muna samun ɗanyen nama. Wanda ya ɗanɗani ruwan teku ya san ba ya shayuwa. Amma kifin da ya rayu a cikinsa tun yana ƙwai, idan uwargida ta dafa shi, sai ta zuba masa gishiri. Masana sun gano cewa kifin teku yana shan ruwan gishirin, sa'an nan Allah ya halitta masa waɗansu 'yan ƙwayoyi a cikin abin numfashinsa da ke gefen kai, masu fitar da gishirin waje. Akwai wa'azi a nan ga mumini: zama cikin gurɓataccen zamani ba hujja ba ce ta gurɓacewa.

Yanzu sai hukunci. Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida, aya ta 96, cewa an halatta mana farautar teku da abincinsa, don amfanin mazauna gida da matafiya. A Suratun Nahli, aya ta 14, ya ƙidaya ɗanyen naman teku a cikin ni'imominsa. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, daga Abu Huraira, cewa wani mutum ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa su suna shiga jirgin ruwa da ɗan guzurin ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko sa iya yin alwala da ruwan teku? Sai Annabi ya ba shi amsar abin da ya tambaya, ya ƙara masa da abin da bai tambaya ba, watau ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne.

Har ila yau akwai labarin da Jabir ɗan Abdullahi ya bayar, wanda Buhari da Muslim suka kawo. Annabi ya aiki rundunar mutum 300 zuwa gaɓar teku a ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah. Guzuri ya ƙare har suka koma cin ganye. Sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba matacciya da ake kira anbar, suka yi kamar rabin wata suna ci. Da suka koma Madina suka ba da labari, Annabi ya ce arziki ne Allah ya fitar musu, ya kuma nemi a ba shi abin da ya rage, ya ci. Babu wanda ya yanka wannan dabba, babu wanda ya ga mutuwarta.

Saboda haka malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, suka tafi a kan cewa duk abin da yake rayuwa a ruwa halal ne, ko an kama shi da rai ko an tarar da shi matacce. Hanafiyya sun taƙaita a kan kifi kaɗai, suka kuma fitar da wanda ya mutu don kansa ya taso saman ruwa. Amma kifin da aka jawo da koma ya mutu a jirgi halal ne ko a wurinsu. Game da addinin masunci kuwa, tun da kifi ba ya bukatar yanka, ba a duba wanda ya kama shi, kuma mazhabobi huɗu ba su saɓa a kan wannan ba. Don haka, malam mai tambaya, ci kifinka da bisimilla, zuciyarka a kwance. Abu ɗaya da masu yanka kifi a kasuwa za su kula da shi: a meshhurin zancen Malikiyya, jinin da ya kwarara najasa ne ko da na kifi ne, saboda haka a wanke tufa ko a sake wata kafin a shiga salla.

Amma fa maganar ba ta ƙare a nan ba. Kifin halal ne, sai dai cinikinsa yana iya zama haram. Wannan kifi ana daskarar da shi tun a teku ko a bakin gaɓa, a sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Legas, a loda shi a manyan motoci masu sanyi zuwa Kaduna. Lafiyarsa tana tsaye ne a kan sanyin nan, wanda ake so ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri tun daga can har hannun mai saye. Mun kuwa san halin wutar lantarki, mun san zafin watan Maris da Afrilu. Sai ka ga wuta ta ɗauke, kifi ya narke ya kwana a haka, mai shago ya ji tsadar mai ya ƙi tayar da janareta, da wuta ta dawo ya sake daskarar da shi ya fitar wa mutane kamar sabo. Wani kuma ya soya ragowar da ta fara wari, ya buɗe ta da yaji, ya ɗora wa yarinya talla.

Likitoci sun yi bayani cewa kifi irin taitas da shawa, idan ya daɗe cikin ɗumi, ƙwayoyin cuta sukan haifar da wani dafi a namansa, wanda suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi, mayar da shi ƙanƙara ma ba ya kashe shi. Wanda ya ci, cikin ɗan lokaci sai fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, a shiga amai da gudawa. Wa yake sayen irin wannan kifi mai araha? Talaka ne, da marayu, da gwauruwar da ta tara kuɗinta da ƙyar don 'ya'yanta su ɗanɗani maiƙo. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi abin da ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma sanar da shi cewa mai algus ba ya tare da shi. Idan wannan ne hukuncin danshin hatsi, ina ga abin da zai kwantar da yaro a asibiti?

Kazalika mai auna kifi da sikeli ya tuna ƙanƙarar da ta daskare a jikinsa ruwa ce, ba nama ba. Wanda ya ƙara ruwa da gangan don kilo ya yi nauyi, ya karanta farkon Suratul Muɗaffifina ya ga wa ake yi wa alkawarin azaba. Shari'a ta bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Wanda kwali goma suka lalace masa, mun san asara ce mai ciwo, amma ya zubar da su ya nemi mayewa a wurin Allah ya fi masa alheri da ya raba asararsa a cikunan bayin Allah. Ku kuma masu saye ku buɗe ido: kifi mai kyau namansa da tauri, idonsa bai faɗa ba, cikinsa bai fashe ba, kuma ba ya warin tsami.

Abu na ƙarshe shi ne ɓarna. Mutanen gaɓar Niyufanlan a ƙasar Kanada sun yi ɗaruruwan shekaru suna kamun irin kifin nan da ake busarwa, suna zaton ba zai ƙare ba. Da manyan jirage suka zo, a shekarar 1968 kaɗai an kwashe kusan tan 800,000. A 1992 dole gwamnatinsu ta hana kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a, ba a kuma sake buɗewa ba sai a 2024, shi ma da ɗan ƙaramin adadi. Allah ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna takan bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Mai zuba maganin ƙwari a gulbi don ya kwashi kifi a rana ɗaya, da mai koma mai ƙananan idanu da ba ta barin 'ya'yan kifi, da mai malalo dattin masana'anta cikin Kogin Kaduna, duk hanya ɗaya suke bi. Hausawa sun ce idan kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? To, tsofaffin masuntanmu su ne suka san ruwa, a tambaye su yadda kamu yake a da da yadda yake yanzu.

'Yan'uwa, ku yi tunani: kifi ya rayu a ruwan da bai taɓa jin zafin rana irin tamu ba, wani mutum da ba ka sani ba ya shiga haɗarin igiyar ruwa ya kamo shi, ya ratsa teku da daji, ya zo ya sauka a akushinka a Unguwar Shanu, domin tun fil azal Allah ya rubuta rabonka ne. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka ambaci sunan Allah, ka gode masa, ka tuna da maƙwabcin da ƙanshin suyarka ya kai gidansa. Abin da ake nema a wurin ɗan kasuwa kuma shi ne ya isar da wannan rabo yadda ya karɓe shi.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga haram, ya sanya albarka a kasuwanninmu, ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.