Hoto Ba Ya Cewa Ƙurunƙus

A shekarar 1697 wani Bafaranshe, Charles Perrault, ya buga labarin kyanwa mai takalma, wanda har yau ake zana shi a littattafan yara. Kyanwar nan dai maƙaryaciya ce. Ta ruɗi sarki cewa ubangidanta, ɗan mai niƙa, basarake ne. Ta tsorata manoma suka yi shaidar zur, suka ce gonakin da suke aiki nasa ne. Ta yaudari dodo ya rikiɗa ya zama ɓera, ta cinye shi. Ƙarshenta ubangidan ya auri 'yar sarki, ba wanda aka hukunta.

To, jama'a, shin ya dace mu buɗe wa ƙannenmu irin wannan littafi? Wani zai ce ai Gizo ma halinsa ke nan, kuma bai lalata mu ba. Gaskiya ne, amma ni a ganina akwai bambanci. Mai tatsuniya in ta gama takan ce ƙurunƙus, ta amsa da bakinta cewa ƙarya ta shirga, kowa ya je ya kwanta. Hoto kuwa ba ya cewa ƙurunƙus. Yaro ɗan shekara huɗu bai iya karatu ba, abin da idonsa ya gani shi ne hujja. Duk sa'ad da ya buɗe shafin nan, ga kyanwa a fada tana taƙama.

Ban ce a ɓoye littafin ba. Ni dai ba na miƙa wa yaro in tashi. Nakan zauna tare da shi, in mun zo kan manoman nan in tsaya, in tambaye shi wa ya sa su faɗin abin da ba haka ba.