Gyara a Mahaɗar Gwiwa

Akwai wata ɗabi'a da ta shige mu, mu masu ƙera gwiwar ɗan Adam a cikin kwamfuta, kuma ya kamata a faɗa mana ita tun ba ta zama jiki ba. Mukan kwana muna zana ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa daga hoton MRI, mu yayyanka su gutsi-gutsi dubbai domin manhaja irin su FEBio ko Abaqus ta lissafa nauyin da kowane gutsure yake ɗauka. Wannan mun iya shi, madalla. Amma da an zo wurin haɗa nama da nama, sai gaggawa ta kama mu, mu danna umarnin ɗaurewa, mu wuce.

To, 'ya'yana, a nan aikin yake. Guringuntsi manne yake da ƙashinsa, don haka ɗaure shi daidai ne. Amma inda guringuntsin cinya ya haɗu da na ƙwauri, santsi ake so, su zame a kan juna kusan babu gogayya. Wanda ya ɗaure su wuri ɗaya ya ƙera gwiwar da ba ta lanƙwasa, ko da launukan da ke kan allonsa sun yi kyau.

Matashin guringuntsin nan guda biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda likitoci ke kira maniskas, su muka fi zalunta. Saiwoyinsu ne ke kafe a ƙashin ƙwauri, jikinsu kuwa yana ɗan motsi yayin da ƙafa ta lanƙwashe. Likitocin ƙashi sun nuna cewa idan saiwar baya ta matashin ciki ta tsinke, matsin da ke kan guringuntsi yakan tashi kamar an cire matashin gaba ɗaya. Abin da ke da wannan nauyi a jikin mutum, mu kuma sai mu kafa shi a inda ido ya ga dama.

Haka jijiyoyin nan huɗu, biyu masu gicciye a ciki, biyu a gefe. Tun 1991 masu bincike Blankevoort da Huiskes suka kwatanta su da igiyoyi masu saki da farko, su yi tauri in an ja. Jijiya a jiki ba sake take ba, akwai ɗan ja a kanta ko mutum na kwance, kuma MRI ba ya nuna wannan jan. Mukan kwafo adadinsa daga takardar wani, na gwiwar wani, ba tare da mun faɗa ba.

Kada mu ɗauka rauninmu ne mu kaɗai. A aikin KneeHub, wanda Ahmet Erdemir na Cleveland Clinic a Amurka ya jagoranta, ƙungiyoyi 5 na ƙwararru sun karɓi bayanan gwiwa iri ɗaya, kowace ta yanke shawara daban a wurin ƙira. In manya sun saɓa, ina ga mai gaggawa?

Lissafin nan yana iya kaiwa ga mai ƙera gwiwar roba, daga nan ga tsohuwar da ke son ta sake durƙusawa ta yi sujada ba tare da ciwo ba. Don Allah, kowace mahaɗa mu rubuta yadda muka haɗa ta da dalilinmu, mu sauya adadin da muka sa mu ga ko sakamako zai tsaya, sannan mu gwada shi da awon gwiwa ta gaske kafin mu miƙa wa likita.