Maƙwabci Kafin Gida: Murid da Zaɓen Unguwa Domin Karatun 'Ya'ya

  

Duk shekara, idan damina ta kusa ɗaukewa ana shirin komawa lakwal a watan Oktoba, takardun canjin wurin aiki sukan fito. Malamin lakwal ɗan Deule a tura shi Tawa, ma'aikacin likita daga Buza a kai shi Madawa, malamin gona daga Keita a ce ya koma Ƙonni ko Yamai. Haka ma ɗan kasuwar albasa da cinikinsa ya kankama a Galmi, ko ɗan bidar da ya samu gindin zama a Abijan har yana son ɗauko iyalinsa. Tambaya guda suke kai wa muƙaddami bayan wazifa: ga gida mai araha kusa da wurin aiki, ga kuma wani mai tsada a unguwar da makarantarta ta yi suna. Wanne ya fi dacewa da murid?

Wasu 'yan'uwa kunyar tambayar ma suke ji. A ganinsu wanda ya riƙi wuridi bai kamata ya tsaya zaɓen unguwa ba, duk inda Allah Ya ajiye shi nan ne alheri, kuma shiriyar yaro ba a hannun uba take ba. Akwai gaskiya a ciki. Ɗan Annabi Nuhu (AS) a gidan annabci ya tashi amma bai shiriya ba, Annabi Musa (AS) kuwa a gidan Fir'auna aka rene shi. Sai dai zuhudu a cikin rabon kansa mutum yake yin sa, ba a cikin haƙƙin wani ba. Uba yana iya zaɓar ya kwana kan tabarma, ya taka da ƙafa zuwa aiki, ya samu lada. Ba shi da ikon yin zuhudu da karatun ɗiyarsa, domin ba mallakinsa ba ne, amana ce. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kamanta magidanci da makiyayi wanda za a tambaya game da kiwonsa. Makiyayin Adar kuwa ba ya kora garke zuwa fako ya ce ya dogara ga Allah. Sai ya yi cigiyar inda ciyawa da ruwa suke tukuna, sannan ya yi bisimilla ya kama hanya.

Annabi Ibrahim (AS) ya zaunar da iyalinsa a kwarin Makka, inda babu shuka, bisa umarnin Ubangijinsa. Abin lura a addu'ar da ya yi musu, wadda ta zo a Suratu Ibrahim, shi ne jerin buƙatunsa. Ya fara da ambaton kusancinsu da Ɗakin Allah domin su tsai da salla. Sannan ya roƙi zukatan mutane su karkata gare su, wato su samu mutanen zama. Daga nan ya roƙa musu abinci. Bai raina ko ɗaya ba, amma kowanne ya ajiye shi a matsayinsa. Mai ƙaura a yau sau da yawa yakan juya jerin: ya fara da kuɗin haya, ya bi da nisan ofis, sai an sauke kaya sannan ya tambayi inda masallaci da makaranta suke. Sufaye sun kuma lura cewa Nana Asiya matar Fir'auna, da ta roƙi gida a Aljanna, kusanci da Allah ta fara ambata kafin gidan. Da wannan suke kafa hujja ga maganar nan ta cewa a nemi maƙwabci kafin gida.

To mece ce makaranta mai kyau? Fenti da ƙofar ƙarfe ba su ba da amsa. Murid ya je da ƙafarsa ranar karatu, ya ga ko malamai suna cikin aji, yara nawa ne a kan benci guda, ko ɗan aji uku yana iya karanta abin da ke kan allo. Ya duba ginin kansa, domin gobarar azuzuwan zana ta ci rayukan yara kimanin 20 a Yamai a watan Afrilun 2021, ta sake cin fiye da 20 a Maraɗi a watan Nuwamban wannan shekara. Ya auna tafiyar gaba: firamare shekara 6 ce, kwaleji shekara 4 zuwa jarrabawar BEPC, lise shekara 3 zuwa BAC. Unguwar da ke da firamare a bakin ƙofa amma kwalejinta na can ƙarshen gari, nan ne ɗiya mace take yawan tsayawa. Idan da makarantar faranko-arab, irin wadda aka fara buɗewa a Say a 1957, ya duba ko Larabcin da Faransancin duka ana ba su haƙƙinsu. Idan babu, ya nemi malamin allo da yaran za su riƙa zuwa wurinsa da asuba ko bayan magariba.

Amma yaro ba ya wuni a aji, kuma hutun damina wata uku ne cur. Sauran lokacinsa a ƙofar gida yake, wurin mai shayi, filin ƙwallo da wayar abokinsa. Unguwa ita ma makaranta ce, malamanta ba su yajin aiki, ba su zuwa hutu. Manzon Allah (SAW) ya kamanta abokin zama nagari da mai sayar da almiski, mugun abokin zama kuma da mai zugar maƙera: na farko ko bai ba mutum komai ba zai tashi da ƙamshi, na biyu ko bai ƙona masa riga ba zai bar shi da wari. Saboda haka ziyara ɗaya da rana tsaka ba ta isa sanin unguwa. A zo sallar asuba a ga sahu nawa ne, a dawo bayan isha'i a ga su wa ke zaune a kan kwana, a tambayi ko dattijon unguwa yana tsawata wa ɗan wani a ji maganarsa. A kuma auna nisan zawiya, domin uban da wazifa da zikirin Juma'a suka gagare shi saboda nisa, 'ya'yansa za su tashi ba su san hanyar ba.

Akwai tambaya mafi nauyi da ba a cika yin ta ba. Idan duk mai albashi ya kwashe 'ya'yansa zuwa unguwa mai makaranta, ina makomar ɗan ƙanensa da ya rage a ƙauyukan Deule? Nan ne nafsu take shigowa da rigar nasiha. Takan sa mutum ya zaɓi unguwa don a ce ga inda wane yake zaune, ko don kada 'ya'yansa su cuɗanya da 'ya'yan talakawa, alhali bakinsa yana cewa don ilimi ne. Alamar gane niyya tana da sauƙi. Yaran ƙauye da yawa suna cin jarrabawar shiga kwaleji, amma karatun ya tsaya saboda babu mai masauki a Buza, Madawa ko Tawa. Wanda Allah Ya zaunar da shi kusa da makaranta, bashi ya hau kansa na ya buɗe wa ɗaya daga cikinsu ƙofa. Idan ya ɗauko yaro, ya ci abin da 'ya'yansa suke ci, ya tafi lakwal lokacin da suke tafiya. Idan yarinya ce, kada a mai da ita 'yar aiki ko 'yar talla. Wanda zuciyarsa ta yi ƙunci da wannan, ya sake binciken abin da ya kai shi unguwar.

Shi kuma wanda albashinsa bai kai hayar unguwa mai suna ba, babu laifi a kansa, kada kuma ya ci bashin da zai hana iyalinsa tuwo don ya yi daidai da wasu. Unguwa tagari gina ta ake yi. Maulana Shehu Ibrahim Inyass (RTA) da almajiransa a wajen 1930 suka kafa Madina Baye a gefen Kaulaha, ba su tarar da ita a gine ba. Kiota ƙauye ce a jihar Dosso, zaman Shehu Abubakar Kiota (RTA) da makarantun da mai ɗakinsa Sayyada Ummul Hairi ta kafa suka mai da ita wurin da ake kai yara karatu daga nesa. Murid ba shehu ba ne, amma yana iya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa bayan magariba ya biya wa yaran layi karatu, ya shiga kwamitin iyayen yara na lakwal, ya haɗa 'yan'uwa biyar su fara wazifa a zaure. Bayan 'yan shekaru, wani baƙon ma'aikaci zai zo neman haya a layin saboda shi.

Kafin a biya kuɗin haya, a shawarci uwargida, domin ita ce za ta wuni da maƙwabtan. A shawarci muƙaddami da 'yan'uwan da suka riga zama a garin. Sannan a yi istihara, a ɗauki abin da zuciya ta natsu da shi, a bar wa Allah sauran.

Allah Ya haɗa 'yan'uwa da maƙwabta nagari a duniya, Ya shiryi zuriyarsu, Ya sanya su maƙwabtan Manzon Allah (SAW) a gidan Aljanna. Amin.