Shin Ita Ce Kuwa? Mas'alar Zati a Cikin Kwamfutar Wasa

Daga cikin abubuwan da zamani ya zo da su, waɗanda magabata ba su gani da idanunsu ba amma sun riga sun yi bahasi a kan tushen mas'alarsu, akwai kwamfutar wasa ta bisa tebur, wadda kamfani ke harhaɗawa ya rufe akwatinta ya sayar da ita cikakkiya, irin waɗanda Dell ke fitarwa da sunan Alienware, ko HP da sunan Omen, ko Lenovo da sunan Legion. Mai ita yakan more ta 'yan shekaru, sa'an nan sababbin wasanni masu nauyi su fito, hoto ya riƙa sarƙewa, fanka ta riƙa gurnani, har ran nan ya ɗauko sukundireba ya kwance murfin, ya shiga aikin da ya san farkonsa bai san ƙarshensa ba.

Galibi da katin hoto ake farawa, domin shi ke ɗauke da mafi yawan wahalar wasa, kuma ramin da ake soka shi, wato PCI Express, tun bayyanarsa a 2003 sabonsa na karɓar tsoho, tsohonsa na karɓar sabo. Sai dai katin ba ya zuwa shi kaɗai. Ƙaramin kati kamar GTX 1650 wat 75 ya ishe shi, yawancin irinsa daga jikin babban allon na'ura suke zuƙar wutarsu. Amma RTX 4090 yana shan wat 450, don haka tilas a sauya akwatin wuta. A nan ne mai na'ura yake gano cewa a wasu daga cikin waɗannan kwamfutoci kamfani bai bi tsarin ATX da Intel ta shimfiɗa a 1995 ba, ya ƙera tasa mahaɗar wuta maimakon mai haƙori 24 da aka saba, ta yadda sabon akwatin wuta ba zai shiga tsohon allo ba. To, a sauya babban allon. Sabon allo kuwa yana iya ƙin tsohon ram, gama DDR4 da DDR5, ko da yake kowannensu haƙoransa 288 ne, tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. Yana iya ƙin tsohon furosesa, gama gurbin AM4 na 2016 dabam ne da AM5 na 2022. Yana ma iya ƙin zama a tsohon akwati saboda ramukan sukurori ba su dace ba. Ranar da aka ɗaure sukuru na ƙarshe, sai ga tsofaffin kayan jibge a gefe, sun isa a tayar da wata na'ura sukutum.

Shin wadda ke kan tebur ita ce wadda aka saya? Tambayar tsohuwa ce. Fulutak, marubucin Yunan, ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka adana, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu a kan ko shi ne ko ba shi ba ne. Hobbes na Ingila kuma ya ƙara wa mas'alar wuya a 1655, da ya ƙaddara cewa wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake haɗa su. Abin lura shi ne a zamaninmu 'yan kasuwa ne suka yanke hukunci. A wajen Microsoft, lasisin Windows da ya zo tare da na'ura daga kamfani yana ɗaure ne da babban allo: sauya ram, sauya katin hoto, na'urarka ce, sauya allo, ba don lalacewa a ƙarƙashin garanti ba, to ka sami sabuwar kwamfuta mai bukatar sabon lasisi. Wannan hukunci yana da sauƙin aiwatarwa, kuma na fahimci bukatar mai ciniki ga iyaka bayyananniya, amma ba hujja ba ce a kan haƙiƙa, domin allon nan shi ma ɓangare ne kamar sauran ɓangarori, ba shi da wani sirri da ya ɗaukaka shi zuwa matsayin zati.

Malaman kalam sun gamu da wannan mas'ala a wuri mafi girman haɗari, wato tashin jikkuna ranar alƙiyama. Masana falsafa sun kawo shubuha cewa idan mutum ya ci naman mutum, ko jiki ya zama ƙasa, ƙasa ta zama tsiro, wani ya ci tsiron, to ga wa za a mayar da waɗannan gaɓoɓi? Jamhurin malamai suka amsa da cewa akwai ɓangarori na asali da Allah Maɗaukakin Sarki ke kiyayewa, kuma hadisi ingantacce ya ambaci ƙashin gindin baya wanda ƙasa ba ta cinyewa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi wata hanya a cikin Tahafutul Falasifa, inda ya nuna cewa jikin ɗan Adam yana sauyawa tun yarinta har tsufa, da ƙiba da rama da sabon abinci, amma ba wanda ke shakkar cewa dattijon nan shi ne yaron jiya, domin mutum mutum ne da ruhinsa. A ganina wannan magana ita ce ta raba gardama, ta kuma nuna inda ƙiyasi ya tsaya: ɗan Adam yana da abin da ke riƙe ɗayantakarsa daga ciki, na'ura kuwa ba ta da shi. Ɗayantakarta aro ce daga wajen mai amfani da ita.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne karatun zaurukanmu, ya daɗe da sanin yadda ake hukunta irin wannan, a babin rantsuwa. Mu ƙaddara uba ya rantse cewa ɗansa ba zai taɓa wannan kwamfuta ba sai ya gama jarrabawa, yaron kuma ya yi wayo ya sauya allo da kati da akwati, ya ce ai ba ita ba ce. Mufti ba zai buɗe murfin ya ƙirga sukurori ba. Zai tambayi niyyar mai rantsuwa, in babu sai ya dubi bisaɗi, wato sababin da ya jawo rantsuwar, sa'an nan ya koma ga urfin mutane. Kuma duka ukun za su ce ita ce, domin abin da uban ya nufa shi ne na'urar da ke hana yaro karatu, ko da kuwa babu ƙusa ɗaya da ta rage daga ta farko.

Idan haka ne, to abin da ya fi damuna ya wuce batun lasisi. Milki a shari'a shi ne ikon tasarrufi, mutum ya gyara abinsa, ya ƙara, ya rage, ya sayar da ɓangare ya riƙe ɓangare. Kamfanin da ya karɓi cikakken kuɗi, sa'an nan ya karkata mahaɗa da gangan don kada kayan wani su shiga, ya miƙa wa mai saye ainihin abu ya riƙe rabin tasarrufinsa, alhali ba a faɗi haka a majalisar ciniki ba. Nauyin wannan ya fi sauka a kan irin samarin da ke sayen na'ura ta hannu a Computer Village ta Ikeja ko a kasuwannin Kano, waɗanda ba su da halin jefar da tsohuwa su sayi sabuwa, dogaronsu duka a kan ƙara ɓangare ɗaya bana, wani baɗi. Wasu hukumomi sun fara farga: jihar New York ta sa hannu a kan dokar haƙƙin gyaran kayan lantarki a ƙarshen 2022, Tarayyar Turai kuma ta zartar da tata a 2024, ko da yake waɗannan dokoki sun fi magana a kan gyaran abin da ya lalace, ba su tilasta wa kowane kamfani ya koma mahaɗa mai haƙori 24 ba.