Gurasar da Babu Alkama a Cikinta

Mafin na lemun tsami da ake yi da garin almon ƙaramin kek ne da ba a sa masa fulawar alkama ko kaɗan. Ana ɓare jar fatar 'ya'yan almon, waɗanda Larabawa ke kira lauz, a niƙa su har su zama gari mai laushi da maiƙo. Sai a kwaɓa garin da ƙwai da sukari ko zuma, a kankare ɓawon lemun tsami a ciki, a matse ruwansa, a barbaɗa bekin soda, a zuba a ƙananan gwangwanaye a gasa a wuta mai zafin digiri 175 na minti 20 zuwa 25. Tsamin lemun ne ke haɗuwa da sodar ya haifar da iskar da ke tayar da kwaɓin, ƙwai kuma shi ke riƙe jikin kek ɗin idan ya gasu. Kusan rabin nauyin almon mai ne, shi ya sa kek ɗin ke fitowa da danshi da nauyi, bayansa yana saurin yin ja. Wanda ya yi gaggawar ciro shi da zafinsa zai ga ya marmashe masa a hannu, don sai ya huce yake haɗa jikinsa.

Abin da aka rasa a wannan kwaɓi shi ne gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin da Turawa ke kira rai. Shi ne danƙon da mai kwaɓa funkaso ko burodi ke ji a yatsunsa, shi ke kama iskar yis ya riƙe ta har gurasa ta kumbura. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, masu cutar siliyak, cuta ne: garkuwar jikinsu tana ɗaukar sa abokin gaba, a faɗan da take yi da shi sai ta lalata cikin ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jiki, rama da ƙarancin jini su biyo baya. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano hannun alkama a cutar. A yunwar da aka yi a ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da ita suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Har yau maganinta ɗaya ne, wato barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Dokokin abinci a Turai da Amurka ba sa yarda a rubuta wa kaya cewa ba shi da gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba.

A ɗakin girki maye gurbin alkama da almon bai tayar da wata ƙura ba. Mutanen yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya sun daɗe suna gasa kek ɗin Santiyago da almon da ƙwai da sukari da ɓawon lemun tsami. Tambayar tana yin nauyi ne idan abin da aka gasa ya shiga ibada. Idan addini ya umarci mutum ya ci gurasa, ko ya bayar da hatsi, me ake nema: ainihin abin da aka ambata, ko aikin da abin ke yi? Masu falsafa tun daga Aristotle sun raba jauharin abu da sifofin da ke zuwa su tafi ba tare da abin ya daina zama kansa ba, kuma malaman tauhidi na Musulunci sun gaji wannan rabon. Launin gurasa da girmanta sifofi ne. Alkamar da aka yi ta da ita fa, sifa ce ko jauhari? Addinai uku da suka taso a ƙasar alkama da sha'ir sun amsa, amsoshin ba su zo ɗaya ba.

Cocin Katolika ta fi kowa tsayawa a kan ainihin abu. Dokar cocin ta 1983, a sashe na 924, ta ce gurasar Jibin Ubangiji, ibadar da Kiristoci ke cin gurasa da shan ruwan inabi a cikinta, dole ta kasance ta alkama zalla. Asalin hukuncin ya girmi dokar nesa ba kusa ba, domin Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya riga ya kafa hujja cewa da gurasar alkama aka fara wannan ibada, don haka ba a canza ta. Da masu siliyak suka kai kukansu, Kadinal Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya fitar da wasiƙa a ranar 24 ga Yulin 2003. Wasiƙar ta ce gurasar da babu gulutin a cikinta sam ba ta inganta ba, amma mai ɗan kaɗan ta inganta, muddin akwai abin da ya isa a kira ta gurasa kuma ba a cakuɗa ta da wani baƙon abu ba. A Yunin 2017 Kadinal Robert Sarah, ɗan ƙasar Gini, ya sake jaddada hukuncin. Bisa wannan ƙa'ida garin almon ko na shinkafa ba shi da shiga, komai kyan gashinsa.

Akwai wani abu a aƙidar Katolika da ya sa matsalar ta fi tsanani. Sun yi imani cewa bayan addu'ar limami jauharin gurasar yana canzawa ya zama jikin Almasihu, sifofinta kuwa, ɗanɗano da nauyi da yadda take aiki a ciki, suna nan yadda suke. Saboda haka cocin ba ta taɓa cewa tsarkin gurasar zai hana ta cutar da mai siliyak ba. Ta yarda gulutin yana nan, kuma yana cutarwa. Mafita biyu ta bayar. Ta farko gurasa ce ta sitacin alkama da ruwa, irin wadda wasu mata masu zaman ibada na ɗariƙar Benedict a garin Clyde na jihar Mizuri ta Amurka suka ƙirƙiro a farkon shekarun 2000 bayan gwaji na shekaru, gulutin ɗinta bai wuce kashi 0.01 cikin 100 ba. Ta biyu ita ce mai ciwon ya sha ruwan inabi kaɗai, tunda koyarwarsu ta ce ladan ibadar cikakke ne a kowane ɗaya daga cikin biyun. Coci-coci da dama na Furotesta, irin su Metodis, ba su ga buƙatar wannan duka ba. A wurinsu tunawa da haɗuwar jama'a su ne ruhin ibadar, don haka suna ajiye gurasar da ba ta alkama ba ga mai buƙata.

A wurin Yahudawa kek ɗin almon yana da matsayi mai fuska biyu. A kwanakin Idin Ƙetarewa an haramta musu duk abin da ya kumbura daga hatsi biyar: alkama, sha'ir, rai, ots, da wani nau'in alkama da ake kira sifelt. Malamansu sun ƙayyade cewa idan garin ɗaya daga cikinsu ya taɓa ruwa ya wuce minti 18 ba a gasa ba, ya haramta. Almon ba ya cikin biyar ɗin, shi ya sa kek ɗinsa mai lemo ko lemun tsami ya zama sanannen abincin idin, musamman a gidajen Yahudawan da asalinsu daga Sifaniya ne. Amma a daren farko akwai wajibcin cin matsa, gurasa marar yis, kuma Talmud, littafin shari'arsu, ya shardanta cewa sai an yi ta da hatsin da zai iya kumbura da an bar shi. A nan ne ya fitar da shinkafa da gero, ya ce su ba sa kumbura, lalacewa kawai suke yi. Dalilin da ya halatta almon a kan tebur shi ne dai ya hana shi cika wajibi. Hikimar a fili take: ana tuna mutanen da suka fita daga Masar cikin gaggawa kafin kwaɓinsu ya tashi, kuma hana kwaɓi tashi ba shi da ma'ana a garin da dama can ba zai tashi ba. Masu siliyak a cikinsu suna amfani da matsar ots da aka noma nesa da alkama, duk da akwai malaman da ke shakkar ko ots ne ainihin hatsin da tsofaffin littattafai suka nufa. Wanda ko wannan zai cutar da shi an ɗauke masa, domin kare rai yana gaba da wannan wajibi a shari'arsu.

Musulunci ba shi da ibadar da ta wajabta cin wani hatsi takamaimai, amma fiƙihu ya daɗe da sanin tambayar ta ƙofar zakkar fid-da-kai. Hadisai sun ambaci dabino da sha'ir da zabibi da busasshen cuku. Ibn Hazm na Andalus ya tsaya a kan dabino da sha'ir, ya ce ba a wuce su. Malikawa suka duba dalilin umarnin, wato wadatar da talaka ranar salla, suka ce a fitar daga abincin da ya fi rinjaye a gari. Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta lissafa gero da dawa da shinkafa tare da alkama da sha'ir, shi ya sa manomin ƙasar Hausa ke auna mudun Annabi huɗu na abin da ke rumbunsa ba tare da wata damuwa ba. Hanafawa suka ƙara gaba, suka halatta bayar da ƙimar abincin. Wannan ra'ayi yana da amfani na gaske a inda alkama ce abincin gari kuma cutar ta yi yawa. Wani bincike da aka buga a 1999 ya sami siliyak a kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, mutanen da fulawar agaji ta zama cimarsu. Mudun alkama a hannun uwar irin wannan yaro bai wadatar da shi ba.

Babin rantsuwa ya fi kusa da batun kek ɗin kansa. Littafin Hidaya na Marginani, wanda ya rasu a 1197, ya kawo mas'alar wanda ya rantse ba zai ci gurasa ba sannan ya ci gurasar shinkafa. Hukuncin shi ne idan a Iraƙi yake rantsuwarsa ba ta karye ba, tunda ba ita mutanen can suka saba ci ba, idan kuwa a Ɗabaristan yake, inda ita ce cimarsu, ta karye. Malikawa ma suna fara duba niyyar mai rantsuwa, sannan abin da ya jawo rantsuwar, sannan al'adar gari. A wannan fage gurasa ita ce abin da jama'a ke ci a matsayin gurasa, kuma a gidan da aka shekara ana karyawa da garin almon hukuncin zai bi abin da gidan da garin suka saba.

Kuskure ne a fahimci cewa Musulunci kullum manufa yake bi ya bar ainihin abu. Malaman usulu sun raba hukunce-hukunce gida biyu: waɗanda hankali ke gane dalilinsu har a yi ƙiyasi a kansu, da na ta'abbudi, waɗanda ake yi yadda aka karɓo su. Layya tana cikin na biyu. Ana yin ta da raƙumi ko saniya ko tunkiya ko akuya, kuma jumhurin malamai ba su yarda kifi ko kaji su tsaya a madadinsu ba, ko da namansu zai ciyar da mutane fiye da rago. Alwala ma sai da ruwa tsantsa, ruwan wardi bai isar ba duk da ƙamshinsa. Musulmin da ya gane wannan ya gane abin da Bakatolike ke nufi da alkama da abin da Bayahude ke nufi da hatsi biyar, ko da bai yarda da aƙidarsu ba. Inda ibada ta kasance ciyarwa ce, abin da ya ƙosar ya wadatar. Inda ta kasance maimaita wani aiki ne da aka yi sau ɗaya a tarihi, mai ibada yana ganin ba shi da ikon taɓa kayan aikin, domin ba shi ya zaɓe su ba.

Wannan tsayuwa tana da hujja, amma tana da tsada, kuma marar lafiya ne ke biya idan ba a kula ba. Yaron da zai fara karɓar Jibin Ubangiji tare da sa'o'insa, aka ce masa shi nasa daban ne, yana jin abin a ransa ko da hukuncin ya inganta. Shi ya sa adalcin hukunci irin wannan yake bayyana a ƙananan tanade-tanade fiye da a rubutun doka. A cocin Katolika limami yana gutsurar gurasa ya jefa a cikin kofin ruwan inabinsa, don haka mai siliyak ba zai sha daga wannan kofi ba, sai an ware masa nasa. Gurasarsa mai ƙarancin gulutin ana ajiye ta a ƙaramin mazubi rufaffe don kada ta taɓa sauran, kuma ana so mai miƙa ta ya ba shi kafin yatsunsa su taɓa ta alkama. Wasiƙar 2003 ta kai ga limaman kansu: wanda ba zai iya cin ko mai ƙarancin gulutin ba, ba zai jagoranci ibadar shi kaɗai ba, sai dai ya tsaya tare da wasu limamai ya sha ruwan inabi, kuma an umarci shugabannin coci su yi taka-tsantsan sosai kafin su naɗa mai irin wannan lalura limami.