Mai Nasiha Daban, Mai Magani Daban

Wata ɗalibata a ajin matan aure ta tsaya bayan an tashi, ta ce, "Malama, wata huɗu ke nan da haihuwata, barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, ko jaririn ba na son ɗauka." Nan take na kama nasiha: ki yi haƙuri, ki tsara lokacinki, ki dage da azkar. Bayan sati biyu ta dawo da sabon kuka, wai ta tabbata imaninta ne ya yi rauni, tunda ta kasa yin abin da na ce. Ashe kaya na ƙara mata. Shin kyakkyawar niyyata ta wanke ni daga alhaki?

Abin da na yi ya fi kama da aikin masu kiran kansu kocin rayuwa, sana'ar da ta bunƙasa a Amurka, inda Thomas Leonard ya kafa musu ƙungiya a 1995. Koci yana aiki ne da mai lafiya wadda ke son ci gaba: jarin sana'a, komawa karatu, tsarin gida. Ya tambaye ki ina kika dosa, ku shata hanya tare. Ba laifi ba ne, sai dai fa kowa ma yana iya ɗora wa kansa wannan suna.

Jinya ta hanyar zantawa kuwa magani ce. Mai yin ta ya yi shekaru yana karatun halayyar ɗan Adam ko likitanci, an horar da shi ya gane ciwo, ya bi tushensa, ya kuma riƙe sirri. In ya ga sai an haɗa da ƙwaya, ya tura ki wurin likita.

Kada a ce mini ai wannan na Turawa ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke dirar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki, yana buƙatar magani.

Mu malamai dai a wurinmu mata suke fara buɗe ciki, kuma kalmar "ban sani ba" tana yi mana nauyi. A ganina nasiha ta gaskiya ranar nan ita ce in ce, "Ki ci gaba da addu'a, amma gobe mu je asibiti." Daga baya hakan muka yi, bayan na zauna da maigidanta, da ƙyar ya yarda ba aljanu ba ne.